Koya wa Ɗalibi Karatu da Lura

Ya ku malamai da iyaye, yaron da ke karatu bai fahimta ba, ɗibar ruwa yake da kwando.

Mu ɗauki Suratu Yusuf. Bayan fassara mafarkin da ke aya ta 4, malam ya dakata, ya tambaya: "Me kuke tsammani zai faru?" Cikar mafarkin tana aya ta 100. A ayoyi 26 zuwa 28 kuma ya ce: "Don me yagewar riga ta baya ta nuna gaskiyar Annabi Yusuf (AS)?" Domin mai gudu ake kamowa ta baya.

Kowace amsa a nemi hujjarta cikin nassi, malam ya gyara kuskure, domin zato ba tafsiri ba ne.

Allah ya ƙara mana fahimta, amin.