KAREN KIWO: HANYAR RIƘE SHI DA HAYAYYAFA SHI BISA ƘA'IDA

Jama'a da yawa a birane sun shiga sha'awar ajiye manyan karnuka irin na ƙasashen waje, waɗansu domin gadi, waɗansu kuwa domin su hayayyafa su sayar. A garin Jos abin ya fi ƙarfi, gama tsaunin yana da tsawon wajen mita 1,200 daga bakin teku, sanyinsa kuma yana yi wa karnuka masu yawan gashi daɗi. A unguwanni irin su Jos Jarawa, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, inda gidaje suke manne da juna yara kuma suna wasa a lunguna, kare ɗaya da aka yi sakaci da shi ya isa ya jawo wa unguwa duka baƙin ciki. An shirya wannan darasi domin mai kare ya san dabbar da yake riƙo, da hakkin da ke wuyansa kafin ya bar ta ta haihu.

IRE-IREN KARNUKAN KIWO

Karnukan kiwo kashi biyu ne. Kashi na fari su ne masu tattara garke, su kora shi, su komo da dabbar da ta ratse. A cikinsu akwai wanda ake kira Boda Koli, ɗan asalin kan iyakar Ingila da Sukotilan, da kuma karen makiyayan Jamus, wanda mutanenmu suka fi sani da Alseshiyan ko karen 'yan sanda. Wani hafsan soja, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri a Jamus a 1899, ya zaɓo shi daga cikin karnukan da suke bin tumaki. Daga baya ne soja da 'yan sanda suka ɗauke shi aiki.

Kashi na biyu su ne masu tsaron garke. Ba sa kora dabbobi. Aikinsu su kwana kusa da ruga, su yi haushi in kura ko dila ko ɓarawo ya matso. Irin wannan shi ne karen Azawak, dogo siriri, wanda Buzaye da Fulani suke riƙewa a Nijar da Mali da Burkina Faso. Karnukan gida da ake gani a rugage a nan ƙasar su ma wannan aiki suke yi, domin makiyayinmu da sanda da murya yake bi da shanunsa. Malaman addinin Musulunci tun da daɗewa sun bayyana cewa an yarda a ajiye kare saboda kiwo, da farauta, da gadin gona.

Amfanin sanin wannan bambanci shi ne kada a ɗora wa kare abin da ba halinsa ba. Alseshiyan an yi shi ne don ya wuni yana tafiya yana aiki. Idan aka ɗaure shi da sarƙa a bayan gida dare da rana, sai ya yi ta haushi ba dalili, ya rame, ya zama mafaɗaci, ran da sarƙa ta tsinke kuwa ba ya bambanta ɓarawo da yaron maƙwabta. Lalle ne irin wannan kare ya sami fita a igiya safe da yamma, a koya masa ya zo in an kira, ya zauna in an ce ya zauna, ya saba da mutanen gida da dabbobi tun yana ƙarami.

KAFIN A SAYI KARE

Wanda yake so ya ajiye kare ya fara auna gidansa da aljihunsa. Babban kare yakan rayu shekara goma ko fiye, kuma cikin dukan shekarun nan yana bukatar abinci mai nama ko kifi, da ruwa mai tsabta, da ɗaki mai inuwa, da kuɗin allura. Ragowar tuwo kaɗai ba ta gina ƙashin ɗan kwikwiyo mai saurin girma. Gidan da ba shi da katanga, ko gidan haya mai mutane da yawa, bai dace da irin wannan dabba ba.

Sa'an nan a je a ga uwar ɗan kwikwiyon da ido, in da hali a ga uban. A dubi tafiyarsu da halinsu, a nemi katin allurarsu. Ɗan kwikwiyo mai lafiya idonsa garau yake, cikinsa bai kumbura ba, ba ya zawo, ba ya ɓuya in ya ga mutum. Kada a karɓi wanda bai kai mako 8 ba. Karen da aka saya a bakin hanya ko a kasuwa ba wanda ya san inda ya fito. Kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke, a Jihar Filato, tana cikin manyan kasuwannin karnuka na ƙasar nan, ana kawo mata karnuka daga jihohi masu nisa. Duk wanda ya kawo sabon kare daga irin wannan wuri, ya keɓe shi daga sauran dabbobi, ya kai shi wurin likita kafin ya sake shi cikin gida.

ƘA'IDODIN BARBARA

Karya takan fara neman namiji tun tana wata 6 zuwa 12 da haihuwa, amma a lokacin jikinta bai gama ƙosawa ba. Yawancin karnuka sau biyu a shekara suke shiga wannan hali, kowane karo wajen mako uku. Cikin karya kwana 63 ne, da ɗan ƙari ko ragi. Alseshiyan takan haifi 'ya'ya shida zuwa goma a ciki ɗaya. Da wannan lissafi mai karatu zai gane cewa karya ɗaya da aka sake ta yawo za ta cika unguwa da karnuka marasa ubangida cikin 'yan shekaru kaɗan. Saboda haka ga ƙa'idodin da ya kamata a kiyaye:

1. Kada a yi wa babbar karya barbara sai ta kusa shekara biyu.

2. Kada a bar ta ta haihu a kowane karo. A tsallake karo ɗaya domin jikinta ya komo.

3. Kada a haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya. Wannan hanya ce mai sauƙi ga mai neman kuɗi, amma ita take tara lahani a cikin iri.

4. Kada a hayayyafa kare mai cizo ba dalili, ko mai tsananin tsoro, komai kyaun jikinsa, gama hali yana bin jini.

5. Kada a hayayyafa kare mai ciwon ƙugu. Wannan lahani ya yi yawa a cikin Alseshiyan: kan ƙashin cinya ba ya zama daidai cikin gurbinsa, sai kare ya riƙa ɗingishi, tashi ya yi masa wuya tun bai tsufa ba. Ana gadonsa, likitan dabbobi kuma yana iya gane shi da hoton ƙashi.

6. Likita ya duba namiji da mace kafin a haɗa su. Akwai wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar kare, wanda ake ɗauka ta wurin barbara.

7. Kada a shirya barbara sai an san gidajen da 'ya'yan za su.

8. A riƙe littafi a rubuta sunan uwa da uba, da ranar barbara, da ranar haihuwa, da allurar da aka yi wa kowanne.

Karen da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba yana iya zama ya ci gaba da aikinsa na gadi. Sai dai a kai shi asibitin dabbobi a yi wa namiji fiɗiya, mace a cire mata mahaifa. Wannan aikin likita ne, kada a yi shi a gida.

RENON 'YAN KWIKWIYO

A shirya wa karya wuri busasshe mai ɗumi tun mako guda kafin haihuwa. Sanyin hunturu na Jos, wajen watan Disamba da Janairu, yana kashe jarirai, domin a makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. Nonon farko shi yake ba su kariya daga cuta, don haka a tabbata kowanne ya sha a ranar da aka haife shi. Sukan buɗe ido bayan kwana 10 zuwa 14. A fara ba su maganin tsutsar ciki suna mako 2, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu har su kai wata uku.

Babban makashin 'yan kwikwiyo shi ne cutar fabo, wadda ta bazu cikin duniya daga 1978. Alamunta amai da zawo mai jini mai wari, cikin kwana kaɗan kuma ɗan kwikwiyo ya bushe ya mutu. Ƙwayar cutar tana daɗewa watanni a ƙasa, ana kuma ɗauko ta a takalmi. Allurar rigakafinta, wadda akan haɗa da ta waɗansu cututtuka, ana fara ta ne a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako uku ko huɗu har ɗan kwikwiyo ya kai wajen mako 16. Kafin a gama, kada a fita da shi titi.

Kaska da ƙuma su ma abokan gāba ne. Kaska tana sa wa kare zazzaɓi mai cinye jini, sai a ga dasashinsa ya yi fari. A nemi magani wurin likita. Kada a yi wa kare wanka da maganin feshin gona ko baƙin mai, domin suna kashe shi.

Makiyaya kuma su lura da abu guda. Kada a jefa wa kare ɗanyen huhu, ko hanta, ko kan tunkiya da ta mutu. Ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita cikin kashinsa ya zuba a ciyawa, tumaki da shanu su ci su kamu, wani iri ma har mutum yana kamuwa. A dafa kayan ciki sosai ko a binne su da zurfi.

CIWON HAUKAN KARE

Wannan shi ne mafi girman haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyan kare. Daga wurin cizo take bin jijiya har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da yakan ɗauki wata biyu ko uku. Ciwon cizon yakan warke, mutane su manta, sa'an nan cutar ta tashi. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, sai dai ta'aziyya.

Maganin abin kuwa yana kusa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kudu da Jos, wadda ta fara aiki a can a 1924 domin yaƙi da cutar bushiya ta shanu, ta soma yin allurar rigakafin haukan kare tun cikin shekarun 1950, a can kuma ake gwada ƙwaƙwalwar karen da ake tuhuma. A yi wa kare allura yana wata 3, a sabunta kowace shekara, a adana takardar shaida. Masana sun tabbatar cewa in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a wurin. An keɓe ran 28 ga Satumba ta kowace shekara domin tunatar da duniya wannan, ƙasashe kuma sun ƙudura kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya kafin ƙarewar 2030.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ga abin yi:

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15.

2. A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya ga ɗora gashin kare a kan ciwon ko shafa wani magani na gida, gama ba sa kashe ƙwayar cutar.

3. A karɓi allurai duka a ranakun da likita ya sa.

4. A tsare karen kwana 10 ƙarƙashin kulawar ma'aikacin dabbobi. In ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu, kada a ci, a sanar da ofishin dabbobi domin a gwada kan.

Mai kare kada ya ɓoye karensa don gudun kunya ko biyan kuɗin magani. Jinkirin kwana kaɗan yana iya zama sanadin ran ɗan maƙwabcinsa.

HAKKIN MAƘWABTA DA NA HUKUMA

A cikin gari kada kare ya fita sai da igiya, a hannun babban mutum mai iya riƙe shi. A kwashe kashinsa a binne. A koya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci, kada su matsa kusa da karya mai jego. Wanda ya sayar da ɗan kwikwiyo ya miƙa shi tare da katin allurarsa, ya gaya wa mai saye gaskiyar halin iyayensa, in kuma riƙo ya gagara ya yarda ya karɓi abinsa, maimakon a yar da shi a bola ya zama karen titi.

Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda aka sabunta a 2022, ta ɗora wa masu dabbobi nauyin kai rahoton cuta mai yaɗuwa, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Ana roƙon sarakuna, da masu unguwa, da ardo-ardo, da limamai, da shugabannin majami'u su taimaka wajen sanar da jama'a duk ranar da ma'aikata za su zo yin allura. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da shi, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa.