Wake da Ƙarancin Jini

Waken da manoman Kademi, a ƙasar Gaya, ke shukawa tsakanin gero da dawa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jajayen ƙwayoyin jini da shi. Ƙarancinsa kan haddasa kasala da jiri, musamman ga masu juna biyu.

A Ruwanda, masana sun samar da irin wake mai yalwar ƙarfe. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna jinin ɗalibai mata ya ƙaru bayan sun yi kwana 128 suna cin sa.

Sai dai shan shayi tare da abinci yana hana hanji tsotse ƙarfen, alhali tumatir da lemon tsami na taimaka masa. Haka kuma wake ba ya saurin ɗaga sukarin jini.