Ajiye Cokali, Ɗauki Sirinji

Ƙarfe biyun dare, jikin yaro zafi rau, kin ɗauko kwalbar farasitamol, hannunki ya nufi kwandon cokula. Dakata, 'yar'uwa. Cokulan kicin girmansu ba ɗaya ba ne: wani da ƙyar yake cin 3 ml, wani yakan kai 7 ml. Cokalin shayin da likita yake nufi kuwa 5 ml ne cif, babban cokali 15 ml.

Gobe da safe ki biya kemis ki sayi sirinjin ba da magani ta baki, mai cin 5 ml ko 10 ml. In jinjiri gare ki, haɗa da ƙarami mai 1 ml. Sai ki bi wannan.

1. Rarrabe ml da mg. Mililita, wato ml, yawan ruwan ne. Miligiram, wato mg, yawan maganin da ke cikin ruwan ne. Sirinji ml yake aunawa. In kin ga cc a jikinsa kada ki rikice, 1 cc shi ne 1 ml.

2. Karanta jikin kwalba duk lokacin da kika sayo sabuwa. Nan ne na fi ganin iyaye suna tuntuɓe. Farasitamol na yara akwai mai 120 mg a cikin 5 ml, akwai mai 250 mg a cikin 5 ml. Suna ɗaya, ma'auni ɗaya, amma na biyun ya fi ninkin na farko ƙarfi. Haka amoksisilin, akwai 125 mg, akwai 250 mg. In an rubuta wa yaro 60 mg, kwalbarki kuma mai 120 mg ce, rabin 5 ml za ki ja, wato 2.5 ml. Amma kada ki bar wa kanki wannan lissafi da tsakar dare. Tun a gaban mai ba da maganin ki ce, "Malam, ml nawa zan ba shi, sau nawa a rana?" Ya rubuta miki a jikin kwalin.

3. Kula da ɗigon da ke tsakanin lambobi. Tsakanin 0.5 ml da 5 ml ninki goma ne.

4. Girgiza kwalbar sosai, don wani maganin yakan kwanta a ƙasa. Tura sandar sirinjin har ƙarshe, tsoma bakinsa, ki ja a hankali. In iska ta shiga, ɗaga bakin sama, ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, ki tura ta waje. Sannan ki ɗaga sirinjin daidai idonki, inda akwai haske. Bakin robar da ke kan sandar, wanda ke taɓa maganin, shi za ki daidaita da layin da ake so.

5. Zaunar da yaron, ko ki tallafe shi kansa a sama. Sa bakin sirinjin ta gefe, cikin kumatu, ki tura kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Kada ki feshe masa a maƙogwaro, zai ƙware. Ɗure ma haka, a bar shi. In sirinjin yana da ɗan murfi, cire shi ki ajiye nesa da yaro.

6. Raba sirinjin biyu, wanke da sabulu da ruwan ɗumi, ki bar shi ya bushe. Rubuta lokacin da kika bayar a jikin kwalin, don kada Baban yara ko Goggo su maimaita. Farasitamol ba a sake ba da shi kafin awa 4, kuma ba a wuce sau 4 a awa 24.

In akwai mai ciwon suga a gidan, sirinjinsa na insulin nasa ne shi kaɗai. Lambobin jikinsa ba ml ba ne, kuma allura gare shi. Maganin sha ba ya shiga sirinji mai allura ko da wasa.

Ranar da kika ga kin zarce ma'auni, kada ki jira ki ga alama. Ɗauki yaron da kwalbar, ku tafi asibiti.