Wuri a Ma'aunin Kwastan: Kuɗi ne, Ƙwanso ne, ko Kayan Ado?

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nazarin matsayin wuri a dokar shigo da kaya. Abu ne da Bahaushe ya fara sani a matsayin kuɗi, sa'an nan ya koma abin ado da tsaraba. Za a nuna cewa ma'aikacin kwastan ba asalin abu kaɗai yake dubawa ba, har da irin aikin da hannu ya yi masa, da kuma dokar da tarihi ya bari a kansa.

2.0 Wuri a Matsayin Kuɗi

Wuri ƙwanson wata halittar teku ne, ba ɗan ƙasar Hausa ba. Ƙananan fararen daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake samo su. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731) wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Tun daga wajajen 1845 kuwa, 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani nau'in mai ɗan girma daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Yawansa ya karya darajarsa, har ɗaukarsa ta zama jidali ga fatake.

Harshe bai manta da wannan zamani ba. Kalmar “kuɗi” ita kanta jam'in “wuri” ce. “Keso” buhun tabarma ne mai cin wuri 20,000. Har gobe ana cewa an kashe kuɗi “wuri na gugar wuri”. Haka nan “kuɗin fito”, wanda ake kiran harajin kwastan da shi, ya samo asali daga abin da fatake kan biya a mashigi.

A 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da wuri, domin ta share wa tsabar kuɗinta hanya. A yankin noman auduga na Funtuwa da Malumfashi, inda garin Dayi yake a mahaɗar hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo, manomi ya koma karɓar sule da kwabo da anini a kan audugarsa, da su kuma yake biyan haraji. Wuri ya fice daga kasuwa ya koma jikin ƙwarya da ɗamara da kayan 'yan bori da na maharba.

3.0 Rabe-Raben Kwastan

Tun 1988 yawancin ƙasashen duniya suke bin tsarin lambobi guda na Hukumar Kwastan ta Duniya mai mazauni a Brussels. Kowane kaya yana da lambarsa, lambar ce kuma ke nuna harajinsa. Ƙwanson teku yana iya faɗawa ƙarƙashin lamba uku:

(a) Lamba 05.08: ƙwanso ɗanye, ko wanda aka wanke kawai, ba a yanka shi zuwa wata siffa ba.

(b) Lamba 96.01: ƙwanson da aka sassaƙa ko aka goge, da kayayyakin da aka haɗa da shi, kamar abin ajiya a kan tebur.

(c) Lamba 71.17: kayan ƙawa marasa duwatsu masu daraja, watau irin sarƙa da 'yan kunne da abin hannu.

Alal misali, a ce wani ɗan kasuwa mutumin Dayi ya yo odar kaya kashi uku: buhun ƙwanso tsurarsa, da ƙwanson da aka sassaƙa aka rubuta sunan gari a jikinsa, da kuma wanda aka jera a zare ya zama sarƙar wuya. A idonsa duk tsaraba ce iri ɗaya. A idon kwastan kuwa kaya uku ne. Tun 2015 Nijeriya ta shiga tsarin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Bisa ƙa'idar tsarin, ɗanyen kaya ya fi sarrafaffe sauƙin haraji. Saboda haka kuskuren lamba ɗaya yana iya cinye ribar ɗan kasuwa, ko ya jawo masa tara.

4.0 Dokar da ta Wuce Dalilinta

Abin lura shi ne, kafin a kai ga batun lamba, akwai jerin kayan da Nijeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata. Sunan wuri ya ci gaba da zama a wannan jeri har cikin wannan ƙarni, tare da mundayen tagulla waɗanda su ma kuɗi ne a dā a kudancin ƙasar. An kafa hanin ne don tsoron kada wuri ya yi gogayya da sule, alhali sulen ma ya kau tun zuwan naira a 1973. To, a nan ne tambaya ke tasowa: shin sarƙar da aka yi da wuri “wuri” ce da hanin ya shafa, ko kuwa ta rikiɗe ta zama kayan ƙawa? Wanda ya shigo da buhunsa ɗanye bai da wata mafaka, domin kayansa na iya zama abin ƙwacewa.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, wuri ya riƙe suna uku: kuɗi a bakin fatake, ƙwanso a littafin kwastan, ado a hannun mai tsaraba. Ga ɗalibin Hausa, wannan ya nuna cewa ma'anar kalma takan bi amfanin abu, doka kuwa takan daɗe ba ta biyo sawu ba. Ya kamata masu nazari su tattara ƙidayar wuri da kalmominta daga bakin dattawan Dayi da Malumfashi, tun kafin masu riƙe da su su ƙare.