Shirun Bakin Teku da Haɗarin da Ke Ƙarƙashinsa: Jan Hankali ga Iyalai Masu Yawon Sallah a Legas

Iyalan Hausawa mazauna Legas, daga Agege da Idi-Araba zuwa Obalende, tare da 'yan uwansu da ke zuwa musu ziyara daga arewa, sun saba neman bakin tekun da babu kiɗa da shaye-shaye da cunkoso idan za su fita da mata da yara a ranakun Sallah, kuma dalilinsu mai kyau ne, domin kowane magidanci yana son wurin da iyalinsa za su shimfiɗa tabarma su ci abinci cikin mutunci. Sai dai aikin horar da masu ceto a gaɓar teku ya nuna wa mai wannan rubutu cewa ma'aunin da ake zaɓen wurin da shi bai cika ba, saboda yawancin wuraren da suka fi shiru su ne waɗanda ba su da mai ceto ko tutar gargaɗi, kuma idan ruwa ya ja mutum a can babu wanda zai gani balle ya kawo ɗauki cikin mintunan da ake da su.

Gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, tana fuskantar Tekun Atlantika ta Kudu kai tsaye, babu wani tsibiri ko tudu a gabanta da zai karya ƙarfin raƙuman ruwa, wato manyan taguwoyin da guguwa ke tayarwa a can nesa su yi tafiyar dubban kilomitoci kafin su fashe a kan yashi. Wannan ne ya sa ake iya ganin teku yana tumbatsa a Lekki ko Badagiri a ranar da babu iska ko hadari a sararin samaniya, kuma ƙarfin nasa yakan ƙaru daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da ake hunturu da guguwa a kudancin duniya. Bugu da ƙari, yashin wannan gaɓa yana da gangare sosai, ta yadda wanda ruwa yake a gwiwarsa zai iya samun kansa a ruwa iya wuya bayan taku uku ko huɗu. Wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki ko madatsar ruwa ta Tiga yana da wata ƙwarewa da ba za a raina ba, amma ruwan da ya sani ko dai a tsaye yake ko yana gudu ne gefe guda da ido ke gani, alhali na teku yana turowa yana janyewa a lokaci ɗaya, kuma yawan yarda da kai irin na matashin da ya iya iyo a gida yana cikin abubuwan da masu ceto suka fi jin tsoro.

Abin da ya fi cin mutane a irin wannan gaɓa shi ne kwararon ruwa, wato siririyar hanyar da ruwan da raƙuma suka tara a bakin gaɓa yake bi da ƙarfi ya koma cikin teku. Yadda yake samuwa ba shi da wuyar fahimta: kowane raƙumi da ya fashe yana jibge ruwa a kan yashi, ruwan kuwa dole ya koma, to idan akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa da ya tare masa hanya sai ya gangara gefe har ya sami inda tudun ya tsage, ya tattaru ya fita ta nan, kamar yadda ruwan sama da ya cika tsakar gida yake haɗuwa ya fita ta rariya. Faɗin kwararon sau da yawa ba ya wuce mita 25, gudunsa na yau da kullum kuma bai kai mita ɗaya a daƙiƙa ba, amma an auna wanda ya kai kusan mita 2.5 a daƙiƙa, gudun da ko gwanin ninkaya na gasar Olamfik ba zai iya cin gaba da shi ba. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ake cetowa a gaɓoɓi masu raƙuma kwararon ruwa ne ya ɗauke su.

Babban tarkon yana cikin kamanninsa. Mutumin da ya tsaya a kan tudun yashi ya dubi teku zai ga farin kumfa yana fashewa a dama da hagu, a tsakiya kuma ga wani fili da ruwansa ya fi duhu, ya kwanta luf, raƙumi ba ya fashewa a cikinsa, wani lokaci da launin ƙasa-ƙasa saboda yashin da ya kwaso, da ledoji da ciyayi suna tafiya a kansa suna nufar cikin teku maimakon gaɓa. Uwar da ke neman inda yaranta za su jiƙa ƙafa ba tare da raƙumi ya kayar da su ba, a nan idonta zai fara sauka, kuma masu ceto sun sha ganin iyali sun wuce wurin da kumfa ke fashewa a kan tudu marar zurfi, wanda shi ne mafi sauƙin haɗari, sun je sun ajiye tabarma da kulolin abinci daidai bakin kwararo. Saboda haka ake horar da masu ceto su yi minti goma suna kallon ruwa daga wuri mai tudu kafin su kafa tuta, kuma babu abin da zai hana magidanci yin haka kafin ya bar kowa ya sauka. Masuntan da ke zaune a gefen kwale-kwalensu suna gyaran koma sun san kowane kwararo na gaɓarsu, don ta nan sukan tura jirgi su fita, kuma tambaya ɗaya bayan sallama ta isa su nuna inda za a guje wa.

Tarkwa Bay misali ne na wurin da natsuwar ruwansa take da dalili na zahiri. Yana bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma dogayen katangun duwatsu da aka gina a farkon ƙarni na 20 domin kare hanyar manyan jirage su ne suke rage ƙarfin raƙuman da ke isa cikinsa, shi ya sa ya fi gaɓoɓin da ke buɗe dacewa da yara. Duk da haka, ruwa yakan bi jikin irin wannan katanga ya fita da ƙarfi, don haka gefen duwatsu ba wurin iyo ba ne, kuma wanda ya ɗan taka ya zagaya zuwa gaɓar da ke kusa da hasumiyar fitilar jirage ya koma teku buɗaɗɗe da dukkan ƙarfinsa, ko da yake wurin ya fi shiru. Ba a zuwa Tarkwa Bay sai ta jirgin ruwa, saboda haka haɗarin yana farawa ne tun daga mashiga: kowane fasinja, har da jariri, yana buƙatar rigar kariya daidai jikinsa wadda aka ɗaure igiyoyinta, kuma jirgin da aka cika fiye da kima ko wanda zai dawo bayan duhu ya shiga bai cancanci a sa iyali a cikinsa ba, komai rahusar kuɗinsa.

Akwai kuma batun wata, wanda ya shafi masu yawon Sallah musamman. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, kuma tazarar da ke tsakanin cikar da janyewar tana kai maƙura a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma lokacin da ya cika. Ranar 1 ga Shawwal da kwanakin da ke biye da ita suna faɗawa cikin na farko, kwanakin da ke bayan Babbar Sallah kuma suna kusantar na biyu. A Legas tazarar ba ta da yawa, kimanin mita ɗaya ce, amma ta isa ta sa wurin da yara suka yi wasa da hantsi ya koma ƙarƙashin ruwa da la'asar, kuma kwararo yakan fi ƙarfi ne sa'ad da ruwa ke janyewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne nutsewa ba ta da ihu: yaron da ruwa ya fi ƙarfinsa yana tsaye ne a cikinsa, kansa a karkace baya, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, hannayensa suna danna saman ruwa, numfashin da yake samu bai isa ya yi kira ba, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya zai iya ɓacewa a gaban manya goma da ke hira. Yawan manya ma kansa matsala ne, domin kowa yana zaton wani ne ke kallo. Maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne a ambaci mutum ɗaya da sunansa a ce shi ne mai tsaron yara na rabin awa, ya ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga ƙananan, sannan ya miƙa aikin ga wani baki da baki, har a lokacin sallar azahar ko la'asar a yi ta kashi biyu. Bai kamata a ɗora wannan nauyi a kan yayar da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, kamar yadda aka saba yi a gida.

Sutura ma tana da nata hukunci. Doguwar riga da zane da babban hijabi idan suka sha ruwa suna nannaɗe ƙafafu da fuska, kuma mace da ta tsaya a ruwa iya ƙwauri don a ɗauke ta hoto tana iya faɗuwa da raƙumi ɗaya ta kasa miƙewa. Ana iya kiyaye sutura da lafiya tare, ta hanyar sa riga da wando marasa nauyi da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai, ko kuma a tsaya a busasshen yashi.

Wanda kwararo ya ɗauka ya sani cewa ruwan yana tafiya da shi waje ne kawai, ba ya danna shi ƙasa, kuma ƙarfinsa yakan mutu a bayan inda raƙuma ke fashewa. Abin da ke kashewa shi ne gajiyar kokawa da shi da firgici. Sai ya kwanta rigingine ya sha iska, ya ɗaga hannu ɗaya, idan kuma ya iya iyo ya yi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga kwararon kafin ya nufo tudu. Na kan tudu kuwa kada ya faɗa ruwa hannu rabbana, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta yaro da ta wanda ya bi shi. Ya jefa abin da ke yawo a ruwa, kamar jarka marar komai da aka rufe bakinta ko kular abinci, ya kira masunta, wani kuma ya buga 112 ko 767. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana matsa cikinsa ko juya shi kai ƙasa don ya amayar da ruwa, domin iska yake buƙata: a kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau biyu har taimako ya iso. Wanda ya farfaɗo yana tari ko numfashi sama-sama a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce ya warware.

Idan ruwa ya ci mutum akan ce kwanansa ne ya ƙare, wasu kuma su danganta abin da mutanen ruwa, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Amma kwararo abu ne da ake gani da ido, ana kuma koyon gane shi cikin 'yan mintuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli tun daga 2021 domin wayar da kai kan nutsewa, sai dai ga al'ummar Hausawan Legas lokacin da ya fi dacewa shi ne Juma'ar ƙarshe kafin kowace Sallah, kuma ana roƙon limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni su ba da minti biyar domin wannan bayani. Magidancin da aka nemi ya biya kuɗin shiga a ƙofar wani bakin teku kuwa, ya tambaya tukuna ina mai ceto yake da kuma inda aka kafa tutoci masu launin ja da rawaya, waɗanda tsakaninsu ne kaɗai ake tsaron masu iyo. Idan babu amsa, iyalinsa su ci abincinsu a kan tudu, kada kowa ya shiga ruwa.