Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

Duk shekara da zarar kaka ta kama, sai na fara ganinsu a layin asibiti: magidanta manoma, ido ɗaya ɗaure da ƙyalle, ɗa ko ƙane na riƙe da hannunsu. Labarinsu kusan iri ɗaya ne. Ana cikin yankan gero ko dawa, ganye ko tsinke ya tsokane mutum a ido. Ido ya kaɗa ya yi jawur, yana zubar da hawaye. Maƙwabta su ce ai afolo ne, shi ake yayi. Ya je kemis a miƙo masa wata 'yar kwalba, ya ɗiga kwana uku, jan ya ragu, raɗaɗi ya lafa, ya koma gona abinsa. Bayan mako biyu farin tabo ya zauna daram a tsakiyar baƙin idon, mugunya ta kwanta a ƙasansa. Sai a lokacin ake kawo mana shi, ana cewa, "Likita, a taimaka." Wanda na duba a makon jiya bai kai shekara arba'in ba, amma ko hasken tocila ba ya gani da wannan idon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda sunan afolo ya zama bargon da ake lulluɓe kowane ciwon ido da shi. Afolo dai ciwo ne na gaske. A Gana aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, daga nan sunan ya samo asali. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi. Yakan kama ido biyu, fatar ido ta kumbura, mutum ya riƙa jin kamar an zuba masa yashi, kuma kafin a ankara ya zagaye gida ko makaranta. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yake tafiya da kansa, kuma ba ya rage gani. Ba a ɗaukarsa ta hanyar kallon idon mai shi, duk da yadda wannan magana ta zauna a zukatan mutane. Hannu ne ke yaɗa shi, da tawul, da matashin kai, da abin sa kwalli da mata ke karɓa-karɓa. Abin da yake buƙata shi ne wanke hannu da sabulu, share kwantsa da tsabtataccen ruwa, da ɗora ƙyalle mai sanyi a kan ido.

Amma me ake zuba masa? Nonon mai jego, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganyen da aka murje a tafin hannu, har da ruwan batir da fitsari. Ruwan batir ƙone ido yake yi, ƙunar da ba ta da gyara. Fitsari kuwa, in aka yi rashin sa'a mai shi yana ɗauke da ciwon sanyi, ƙwayar cutar tana iya huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga ciwon da zai warke ko ba a taɓa shi ba, sai mu da hannunmu mu mayar da shi makanta.

Duk da haka, wanda ya fi yi mana ɓarna ba a daji ake samo shi ba, a kan kantar kemis yake. Ku ɗauko kwalbar maganin idon da ke gidanku ku karanta jikinta. In kun ga an rubuta Dexamethasone, ko Betamethasone, ko Prednisolone, to sitiroid ne, ko da an gauraya shi da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi, shi ya sa ido ke yin fari da wuri har mutum ya riƙa sa wa mai kemis albarka. Sai dai yadda yake kwantar da kumburin, haka yake kwantar da garkuwar da ido ke kare kansa da ita. Fatar nan mai sheƙi da ta rufe baƙin ido, wadda muke kira koniya, kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. Idan tsinken dawa ya karce ta, yakan bar ƙwayar funfuna a wurin. A ɗiga sitiroid a kan wannan, an zuba wa cutar taki ke nan: ciwo ya yi shiru a sama, gyambo na ci a ƙasa har ya huda. Haka yake yi wa gyambon da wata ƙwayar cuta mai suna hafis ke kawowa.

Kuma ko babu gyambo, bai bar mutum ba. Yaran nan masu yawan susar ido, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, iyaye kan yi wata da watanni suna ɗiga musu shi saboda yana tsayar da ƙaiƙayi. Cikin 'yan makonni sitiroid yana iya tayar da matsin ruwan cikin ido ya haura 21, wanda shi ne iyakar lafiya a ma'auninmu, kuma yara sun fi saurin kamuwa da wannan. Hawan jinin ido ke nan, yana cinye jijiyar gani ba zafi ba ƙara, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ga kuma yanar ido tun da ƙuruciya. Magani ne da bai kamata ya fita daga shago ba sai da takardar likita, amma ana miƙa shi kamar alewa, hukumomin da ke da alhakin sa ido kuwa sun yi shiru. Ku masu kemis, ku ji tsoron Allah. Idon da ba ku leƙa cikinsa ba, ba ku san abin da ke damunsa ba.

Mu kanmu ba ma rubuta shi sai mun duba. Muna ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa, mu haska da shuɗin haske, duk inda fatar ta karce sai ya fito kore shar. Gyambon hafis har rassa yake yi kamar bishiya. Sai mu zaunar da mutum gaban na'urar da ke ƙara girman ido, mu ga zurfin gyambon. In ya yi girma mukan kankaro ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji, domin maganin bakteriya daban, na funfuna daban. Na funfuna, irin su natamaisin, da farko kowace awa ake ɗiga shi, kuma a ɗauki makonni ana yi.

Akwai kuma jan idon da tushensa ke can ciki, wato kumburin cikin ƙwayar ido. Mai shi ba ya son haske, yana jin ciwo mai zurfi har cikin kai, yana ganin hazo ko wasu baƙaƙen abubuwa na yawo a gabansa. A nan sitiroid shi ne magani, tare da wanda ke buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido don kada ya manne, amma likita ne zai fara shi, ya riƙa auna matsin ido, sannan ya janye shi sannu a hankali. Mukan buɗe idon mu ɗauki hoton bayansa. Na'urar OCT tana nuna mana ko ruwa ya taru a tsakiyar wurin gani, in kuma cikin ya duhunce ba a hango komai, sai a yi sikanin. Kada ka yi mamaki in ka zo da ciwon ido aka tura ka hoton ƙirji da gwajin jini. Tarin fuka, tunjere, cuta mai karya garkuwar jiki, da wata ƙwaya da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, duk suna ɓulla a ido.

Saboda haka, jan idon da ya zo da raguwar gani, ko ciwo mai tsanani, ko gudun haske, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, ko wanda ya biyo bayan tsokanewa, ba na jira ba ne. Haka jaririn da bai cika wata ba idonsa na fitar da mugunya. A ranar za a nemi sashen ido na asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura gaba, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Ku zo da duk kwalbar da aka ɗiga, ku faɗa mana gaskiyar abin da aka zuba a idon, ko na gargajiya ne. Manoma kuma, don Allah ku sa tabarau lokacin girbi da sussuka.