Darasin Kimiyya: Yadda Ake Kwance Notin Shaf Idan Ya Cije

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya faɗin abin da ke riƙe noti a jikin ƙarfe, ya lissafa ƙarfin murɗawa, ya kuma jera matakan kwance notin shaf ba tare da ya ji ciwo ko ya ɓata mota ba.

Gabatarwa

Ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ana gyaran ƙafar mota ya ga wannan noti. In aka cire murfin da ke tsakiyar tayar gaba, ga shi nan ƙato, shi kaɗai. Shi ne ke ɗaure bakin shaf, wato sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa taya, shi ne kuma ke matse boris, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Mai son canja boris ko shaf a ƙofar gidansa, a nan yake fara shan wuya. Sai ya ja sifana har jijiyar wuyansa ta tashi, noti ko gezau. Ya ɗauka ƙarfinsa ne ya kasa. Ga kuma yaron gareji ɗan shekara 15, ya zura sifana cikin wani dogon bututu, ya danna sau ɗaya, sai ka ji ƙas, noti ya saki. Me yaron ya sani? Amsar ita ce darasinmu na yau.

Mataki na ɗaya: me ke riƙe da notin?

Abu uku ne. Na farko gogayya. Idan aka ɗaure noti tam, zarensa, wanda makanikai ke kira tiredi, yana manne wa zaren shaf, fuskarsa kuma tana danne ƙarfen da ke bayansa. Injiniyoyi na ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake sa wa wajen ɗaure noti gogayya ce ke cinye shi. Wannan noti kuwa da gangan ake tsananta masa ɗauri. Ana auna ɗauri da ma'aunin niyuton-mita. Notin taya na ƙaramar mota yakan tsaya wajen 100, amma notin shaf a yawancinsu yana tsakanin 180 da 300.

Na biyu tsatsa. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iskar oksijin sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Sai ta kumbura ta toshe ɗan ratar da ke tsakanin zare da zare. Gishiri na gaggauta wannan aiki. Shi ya sa motocin da ake kawo mana na hannu daga Turai da Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, sukan zo da ƙasansu jajawur.

Na uku makulli. Wani notin ana lotsa leɓensa cikin wani ɗan tsagi a bakin shaf. Wani kuma ana soka masa fin ta cikin huda. In ba a ɗaga lotsin da kurfi da guduma ba, ko ba a zare fin ba, duk ƙarfin da aka sa zaren shaf zai ci.

Mataki na biyu: ƙarfin murɗawa

Gani ya kori ji. Mutum ɗaya ya tashi ya tura ƙofar ajin nan da yatsa ɗaya daga wajen mariƙi. Ta buɗe cikin sauƙi. Yanzu ya tura ta daga dab da inda take maƙale da bango. Kun ga yadda yake nishi? Yatsa ɗaya ne, ƙofa ɗaya ce, nisa ne kawai ya bambanta. Masanin nan na Girka, Arkimidis, wanda ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi bayanin wannan ƙa'ida da lissafi. Ku rubuta:

Ƙarfin murɗawa = ƙarfin turi × nisa daga tsakiyar noti

Mu gwada da mutum mai nauyin kilo 60. Nauyin kowane kilo ɗaya kusan niyuton 10 ne, ke nan in ya saki dukkan nauyinsa ya danna da niyuton 600. Da sifana mai tsawon santimita 30, lissafi ya ba mu 600 × 0.3 = 180. Ga yawancin notin shaf bai kai ba. Da sanda mai rabin mita, 600 × 0.5 = 300. Ya isa noti mai lafiya, amma mai tsatsa zai iya ƙi. Da bututu mai mita ɗaya da rabi, 600 × 1.5 = 900. Mutumin bai ƙara ko loma ɗaya ta tuwo ba, amma aikinsa ya ninka sau biyar. Sirrin yaron gareji ke nan.

Akwai sharaɗi. Lissafin yana cika ne idan turin ya faɗo a kan sandar a tsaye, ba a karkace ba. Don haka a daidaita sandar ta kwanta kamar benci, sannan a danna ƙasa a hankali. Ban da tsalle a kai. Soket ɗin kuma, wato kan sifanar da ke rufe noti, ya zama daidai bakin notin, yawanci milimita 30, 32 ko 36, ya shige har ƙarshe, don in ya zame zai cinye kusurwoyin noti, ya bar mai shi da fasasshiyar gwiwa.

Mataki na uku: me zai riƙe tayar?

In aka ɗaga mota a jak sannan aka murɗa, tayar ce za ta yi ta juyawa tare da notin, ƙila ma motar ta zame ta faɗo. Dole a sami abin da zai tokare juyin. Abu mafi sauƙi shi ne nauyin motar kanta. A fara sassauta notin tun taya na ƙasa, an ja birkin hannu, an sa waigi a tayoyi, wani kuma ya taka birki. Gogayyar da ta wahalar da mu a zare, ita ce yanzu take taimakonmu tsakanin taya da ƙasa. Da zarar ya saki a tsaya, a ɗaga motar, a ɗora ta a kan matokari na ƙarfe, sannan a ƙarasa. Kada a gangara da mota noti na sake, boris zai lalace.

Mataki na huɗu: idan har yanzu ya ƙi

A goge tsatsar da buroshin waya, a fesa man kwance tsatsa, a ba shi lokaci. Mai ne tsinkakke, yana bin ƴan ƙananan kafofi kamar yadda kananzir ke hawa lagwani.

Sai bugu. Tura buhu daga tsaye ya fi ci gaba da jan sa wuya, domin gogayyar abin da ke tsaye ta fi ta wanda ya fara motsi. Injin kwance noti mai aiki da iska ko batir yana kai gajerun duka masu tsanani, ɗaruruwa a minti ɗaya, har tsatsar ta farfashe.

Zafi shi ne na ƙarshe. Ƙarfe na buɗewa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyas. Ramin noti mai faɗin milimita 22, in ya fi shaf zafi da digiri 200, zai ƙaru da 22 × 0.000012 × 200, wato kusan milimita 0.05, kaurin silin gashi. Wannan ɗan taƙin ya isa ya karya riƙon tsatsa. Amma notin kaɗai ake gasawa, da sauri, don in shaf ya ɗau zafi shi ma zai buɗe. Ku tuna man da aka fesa yana kama wuta, kuma giris ɗin boris da robar shaf ba sa jure zafi.

Taƙaitawa

A cire makulli, a goge, a fesa mai, a tokare taya, a tsawaita hannun sifana. Bugu da zafi sai in waɗannan sun kasa. Wajen mayarwa a sa sabon noti in mai lotsi ne, a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa. Bututun da ya kwance noti, in aka ɗaure da shi, boris zai kashe.

Aikin gida

1. Yarinya mai nauyin kilo 45 na son samar da niyuton-mita 360. Sanda mai tsawon mita nawa take bukata?
2. Me ya sa murfin ƙarfe na kwalba ke saurin buɗewa in an zuba masa ruwan zafi?
3. Ku je garejin unguwarku, ku gai da oga, ku nemi izini ku auna bututun da suke amfani da shi, sannan ku lissafa abin da nauyinku zai bayar a kansa.